Takardar Koke Zuwa Ga Mai Martaba Sarkin Kano Kan Badala Da Ƙofofi Da Sauran Alamomin Birni Da Ke Ɓacewa

Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Kano,
ta hannun hakimanmu da masu unguwanninmu na cikin birni.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Allah ya ja zamanin Sarki, Allah ya ƙara lafiya da nasara. Bayan gaisuwa da ban girma irin wanda ya dace da uban ƙasa, mu talakawan Sarki ne mazauna cikin badala da gefenta, daga Mandawari da Yakasai da Koki da Gwammaja da Fagge da wasu unguwannin. A cikinmu akwai dattawan da suka haura shekara 80, akwai marina da magina da dukawa da 'yan kasuwar Kurmi, akwai malaman makaranta, akwai kuma 'ya'yanmu da suka riƙe mana alƙalami. Mun daɗe muna wannan magana a zaurukanmu da wuraren ɗaurin aure da zaman makoki, har muka lura cewa duk shekara muna ƙara yawan magana, katangar kuwa tana ƙara gajarta, shi ya sa muka ɗauko kukan muka kawo shi inda ake kai kuka.

Abin da ya tayar da wannan takarda ƙaramin abu ne. Wani dattijo daga cikinmu, wanda ya yi dakon gyaɗa a ƙuruciyarsa, ya biyo ta Ƙofar Mazugal a cikin adaidaita sahu tare da jikansa ɗan sakandare. Da suka zo daidai wurin sai ya taɓa yaron ya ce masa a nan dala take. Yaron ya juya yana neman Dutsen Dala, domin ita kaɗai ce dalar da ya sani. Dattijon ya so ya nuna masa inda yake hawa da buhu a ka, yana taka buhunan da 'yan uwansa suka jera kamar matakala har ya kai ƙololuwa, amma da ya ɗaga hannu bai sami abin da zai nuna ba, babu allo, babu dutse, babu ko rubutu a jikin bango. Ya ce mana ya sauke hannunsa ya yi shiru har suka isa gida, domin ya ji kamar yaron zai ɗauka tatsuniya yake yi masa.

Ranka ya daɗe, dalar gyaɗa ba tatsuniya ba ce. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kuma cikin 'yan shekaru kaɗan gyaɗa ta zama abin da ya haɗa manomin ƙauye da kasuwannin Turai. Attajirai irin su Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, sun tsaya a wannan ciniki suka yi gogayya da kamfanonin Turawa, kuma dala guda takan ɗauki buhu har 15,000. Fari da cutar gyaɗa na shekarun 1970, tare da kuɗin man fetur da ya ɗauke hankalin ƙasa daga noma, su suka kawo ƙarshenta. Ba mu zo roƙon a dawo da ita ba, kuma masu gaskiya a cikinmu sun tuna mana cewa tsayin dalar ma wani ɓangarensa gazawar jirgi ce wajen kwashe kaya da wuri. Abin da ya dame mu shi ne a ce sana'ar da ta ciyar da dubban gidaje, ta gina makarantu da asibitocin Arewa, ta wuce ba ta bar wata shaida a wurin da aka yi ta ba.

Babban kukanmu kuwa a kan badala yake. Kundin tarihin sarakunan Kano ya nuna Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara gina ta, ɗansa Tsaraki ya kammala. Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa ta, Sarki Muhammadu Nazaki ya sake faɗaɗawa a ƙarni na 17. Magabata ba su kewaye gidaje kaɗai ba, sun shigar da gonaki da duwatsun Dala da Goron Dutse cikin ganuwa domin idan abokan gaba sun yi wa gari ƙawanya kada yunwa ta ci shi daga ciki. Da hannu aka yi wannan aiki, da ƙasa da ruwa da kwando, kuma duk bayan damina akan fito gayya a yi mata yaɓe, kowane ɓangare da mutanen da ke da alhakinsa. Ko rundunar Turawa da ta zo a watan Fabrairu na 1903 sai da ta sa igwa kafin ta shiga ta wajen Ƙofar Kabuga, kuma shugabanninsu sun rubuta da hannunsu irin mamakin da ginin ya ba su.

Mu da muka tashi a gindinta mun san ta ta wata fuskar da ba ta cikin littafi. A kanta muka yi tsere da yamma, daga kanta muke hango ayarin jakuna masu shigowa da itace da hatsi, kuma iyayenmu mata kan kwatanta nisan wuri da cewa yana cikin badala ko yana bayanta. Wanda ya bi titin da ya tashi daga Ɗan Agundi ya wuce Na'isa da Gadon Ƙaya da Dukawuya zuwa Kabuga a yau zai ga abin da ya rage: nan tudu, can gibi, gaba kaɗan shago ya jingina da ita, gaba kuma an baje ta an kafa harsashi. A wasu sassan birnin ma babu mai iya cewa ga inda ta bi sai tsohon da ya riske ta.

A nan dole mu faɗi gaskiya a gaban Sarki ko da za ta taɓa mu. Ruwan sama yana cin badala, amma bai kai mu ci ba. Mun sha ganin mutum da asuba, kafin gari ya waye sosai, ya kawo baro ko kura ya sa diga a gindinta yana ɗibar jar ƙasa zai je ya yi yaɓen ɗakinsa ko ya sayar, muka wuce shi muka tafi masallaci ba mu ce masa komai ba, domin ɗan unguwa ne kuma mun san babansa. Sharar da ke jibge a jikinta daga gidajenmu ta fito. Filayen da aka yanka a kanta, 'ya'yan Kano ne suka saya, 'ya'yan Kano ne suka sayar, 'ya'yan Kano ne suka yi shaida. Saboda haka ba mu kawo ƙarar wani baƙo ba, kuma ba mu ambaci sunan kowa ba, domin idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Wannan sakaci ya riga ya fara biyan mu. Ramukan da aka haƙa aka ɗebi ƙasar ganuwa da ta gidaje su ne suka zama kududdufan birni, kuma su ne suke shanye ruwan damina kafin ya gangara Jakara. Da aka bi su ɗaya bayan ɗaya ana cikewa da shara ana gini a kai, sai ruwan ya rasa masauki ya koma shiga ɗakunan mutane. Duk wanda ya kwana yana kwalfe ruwa daga tsakar gidansa a watan Agusta ya san cewa maganar kududdufi ba maganar masu begen da ba ce kawai.

Ƙofofin kuma sunayensu suna nan daram a bakin kowa: Nassarawa, Mata, Wambai, Mazugal, Ruwa, Dawanau, Waika, Kansakali, da sauransu har goma sha biyar idan aka haɗa da Sabuwar Ƙofa da Ƙofar Famfo waɗanda aka buɗe daga baya. Kowace tana da Sarkin Ƙofa wanda a da yake rufe ta idan dare ya yi ya buɗe da asuba, ya san wanda ya shiga da wanda ya fita. Da yawansu an sake su da siminti domin mota ta sami hanya, kamar yadda aka yi wa Ƙofar Na'isa a 2010. Mun san gari yana girma, mun san ƙofar da aka yi domin raƙumi da doki ba za ta ɗauki tirela ba, kuma babu ɗayanmu da yake son a bar mai naƙuda a cikin cunkoso saboda tsohon gini. Sai dai akwai dabarar da ake yi a wasu tsofaffin biranen duniya, wato a bar tsohuwar ƙofa a tsaye a ratsa titi ta gefenta, kuma da an yi haka da yau jikokinmu suna taɓa ginin da kakanninsu suka taɓa. Wasu daga tsofaffin ƙyamaren suna ajiye a Gidan Makama, muna godiya ga waɗanda suka adana su, amma ƙyaure a ɗakin ajiya ba ya gaya wa yaro kaurin bangon da aka cire shi daga ciki.

Tun 2007 aka shigar da ganuwar Kano, tare da Dutsen Dala da Kasuwar Kurmi da Gidan Rumfa, cikin jerin wuraren da Najeriya ke neman hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin gadon duniya. Har yau a matakin nema ake, abin da ake neman dominsa kuwa yana raguwa duk damina.

Allah ya taimaki Sarki, marinan da ke cikinmu sun roƙi a ba su wuri na musamman a wannan takarda. Marinar Ƙofar Mata, wadda ake lissafa kafuwarta daga 1498, tana cikin tsofaffin wuraren sana'a da har yanzu ake aiki a cikinsu a nahiyar nan. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya zo Kano a 1851 ya tarar da tufar da aka saƙa aka rina a ƙasar Kano tana kaiwa har Timbuktu da Tarabulus, Buzaye kuwa ba su da abin da ya fi musu rawanin da ya sha baba ya sha bugu. Wanda ya shiga marinar yanzu zai ga karofi a jere kamar yadda aka bar su, amma kaɗan ne ke da ruwa a ciki, sauran sun bushe, wasu ƙasa da leda sun cike su. Wani marini a cikinmu ya ce shi hannunsa bai taɓa rabuwa da shuɗi ba tun yana ɗan shekara goma, ya san ƙamshin karofin da ya nuna da wanda bai nuna ba tun kafin ya leƙa, ya san yawan tokar da baba ke so ba tare da awo ba, amma a cikin 'ya'yansa maza babu wanda ya yarda ya zauna ya koya, kuma bai ga laifinsu ba tunda yadin da aka shigo da shi daga waje ya fi nasa araha. Haka mabuga suke faɗa, haka dukawa, haka masu sirdi da linzami a Kurmi, kasuwar da Sarki Rumfa ya kafa. Idan waɗannan tsofaffin hannaye suka kwanta, ramukan za su rage amma sanin zai tafi, kuma sani ba ya haƙuwa daga ƙasa kamar tsohuwar tukunya.

Birnin nan da kansa littafi ne ga wanda ya iya karanta sunayen unguwanninsa. Dandalin Turawa yana tuna mana Larabawan fatake da suka ƙetaro Sahara, Zangon Barebari da Tudun Nufawa da Agadasawa da Ayagi suna faɗin daga inda baƙin Kano suka zo suka zama 'yan gari, Sharifai tana da alaƙa da zuwan Shehu Al-Maghili a zamanin Rumfa, Soron Ɗinki da Dukawa suna faɗin sana'ar mazaunansu. Ga kuma waɗanda aka raɗa musu sunan itace ko rijiya, irin su Durumin Iya da Rimin Kira da Rijiya Biyu da Rijiya Huɗu. Mun gwada tambayar samarin da aka haifa a wasu daga waɗannan unguwanni dalilin sunan unguwarsu, kaɗan ne suka iya amsawa, kuma ba laifinsu ba ne, domin ba a gaya musu ba.

A wajen badala ma haka abin yake, ko da yake tarihin can bai kai na ciki tsufa ba. Direba yana kiran Bata, fasinja yana cewa a sauke shi a Wapa, kuma da wuya a sami wanda ya tuna cewa na farkon sunan kantin takalma ne, na biyun kuma gidan silima ne kafin ya zama matattarar 'yan canji. Ba kewar silima ce ta kawo mu gaban Sarki ba, iyayenmu ma dukanmu suke yi idan sun ji mun je, amma gobarar silimar El-Duniya ta 1951, wadda ta ci rayuka 331, musiba ce da ta shiga gidajen Kano da yawa, kuma ya kamata a san inda ta faru ko don a yi wa mamatan addu'a. Jirgin sama na farko da ya sauka a Najeriya a Kano ya sauka a 1925. Masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa, waɗanda jiniyarsu ke tashin ma'aikata da safe ana ganin kekuna kamar fari a kan titi, da yawansu yanzu ƙofa a garƙame take, wasu sun koma ɗakunan ajiyar kayan da aka shigo da su daga waje.

Mun san iyakar abin da ke hannun fada. Tun dokar mallakar ƙasa ta 1978 ikon fili yana hannun gwamnati, kula da kayan tarihi kuma akwai hukumomin tarayya da na jiha da aka ɗora wa. Amma akwai abin da fada take da shi wanda babu ofishin da ke da irinsa, wato mutum a kowane lungu da kuma maganar da ake ji. Da wuya a yi cinikin fili ko gida a cikin birni ba tare da sanin mai unguwa ba. Saboda haka roƙonmu na farko, wanda kuma muka fi ba wa nauyi, shi ne Sarki ya umarci hakimai da masu unguwanni kada ɗayansu ya sa hannu ko ya tsaya shaida a kan cinikin filin da ya hau badala ko ramin da ke gindinta ko kududdufin da ya rage, kuma a mayar wa sarakunan ƙofa da aikin sa ido a kan ɓangaren ganuwar da ke kusa da ƙofarsu, su kai rahoto fada idan sun ga mai diga ko mai harsashi. Wannan umarni ba ya bukatar kasafin kuɗi, kuma mun tabbata ranar da aka san cewa Sarki ya hana, mai baron nan na asuba zai nemi ƙasarsa a wani wuri.

Muna kuma roƙo a farfaɗo da gayyar yaɓe bayan damina a ƙarƙashin Sarkin Gini, ko da a ɓangare guda ne a fara, tare da shawarar masana kayan tarihi domin kada gyara ya zama ɓarna. Maginan gargajiya da suka san kwaɓin ƙasa da tubali da makuba suna nan da sauransu, kuma wannan aiki zai zama makaranta ga yaran da za su gaje su. Mu da kanmu za mu fito da 'ya'yanmu, kuma attajiran Kano da ba su taɓa gazawa wajen gina masallaci ba ba za su gaza wajen ciyar da masu gayya ba idan kiran daga fada ya fito.

Abin da ya riga ya tafi kuwa, muna roƙon a sa masa alama. Allo na dutse ko na ƙarfe, da Hausar boko da ajami, a wurin dalar gyaɗa, da kowace ƙofa, da inda badala ta bi ta ɓace, da mashigar tsofaffin unguwanni, a rubuta abin da wurin yake da wanda ya kafa shi a taƙaice. Mun ga amfanin irin wannan kulawa a Gidan Ɗan Hausa, inda Baturen nan Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya zauna lokacin da ya buɗe makarantarsa a Nassarawa a 1909, da kuma Mambayya, gidan Malam Aminu Kano a Gwammaja, wanda Jami'ar Bayero ke riƙe da shi. Ba don an tsaya a kansu ba da su ma yanzu sai dai a ce a nan suke a da. Haka nan duk tsohon soro mai daurin guga ko zaure mai zanko da ya zama dole a rushe, a ba da dama a ɗauki hotonsa a auna shi kafin a sa masa hannu.

Akwai wani roƙon da ba ya jira. Muna so fada ta nemi haɗin kan jami'o'in da ke Kano a tura ɗalibai unguwa unguwa, mai unguwa ya gabatar da su, su zauna da tsofaffi maza da mata su naɗi abin da suka sani da muryarsu, a ajiye a Gidan Makama inda kowa zai iya zuwa ya saurara. Mun ce maza da mata da gangan, domin tarihin cikin gida, da na saƙa da kaɗi da waƙoƙin niƙa da yadda aka yi zaman unguwa, yana wurin iyayenmu mata, kuma su ne ba a cika tambaya ba. Daga ranar da muka fara tattara wannan takarda zuwa ranar da muka kammala ta, biyu daga cikin dattawan da suka ba mu labari sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu, ɗayansu kuwa shi ne ya yi mana alkawarin zai zaga da mu ya nuna mana inda badala ta bi tsakanin Mazugal da Ƙofar Ruwa idan ya ji sauƙi.

Game da masu sana'a, ba tallafin kuɗi suka fi nema ba, ciniki suke nema. Idan hakimai da mahayan Sallah suka riƙa neman rawani da riga da kayan doki daga marina da mabuga da dukawan gida, sauran jama'a za su bi, domin abin da aka gani a jikin manya ranar hawa shi ake nema a kasuwa washegari.

Sauran abin da ya fi ƙarfin unguwa, kamar shata iyakar badala a taswira da hukunta wanda ya ƙetare ta da kammala neman da aka fara a 2007, muna roƙon Sarki ya ɗauke mana shi zuwa ga gwamnati, ko a jawabin Hawan Nassarawa ko a duk lokacin da Sarki ya ga ya dace. Idan kuma Sarki ya yarda a sa mana rana, wakilanmu za su zo su faɗi gaisuwa, su zo da tsofaffin hotunan da muka tattaro daga akwatunan gidajenmu, tare da dattijon nan mai dakon gyaɗa, wanda ya ce har yanzu zai iya taka wurin da dalarsa ta tsaya idan aka ba shi wanda zai riƙe masa hannu.

Allah ya ja zamanin Sarki, Allah ya zaunar da Kano lafiya.

Mu ne talakawan Sarki masu biyayya,
dattawa da masu sana'a da malamai da matasan unguwannin cikin birni da kewaye.